Katsin da Na Zubar a Kududdufi

Ni ƴar maƙera ce. A wani ƙauye kusa da Waca aka haife ni, kuma a gidanmu abin da wuta ta gama da shi ya gama ke nan. In an narka tama aka fasa murhunta, ƙarfen ya shiga maƙera, sauran kuwa, baƙin dunƙulen nan mai ramuka da muke kira kashin maƙera, sai a kwashe a watsar bayan gari. Tsibinsa ya fi ɗaki tsawo tun kafin a haifi ubana. Ko akuya ba ta son hawansa, don yana yanka ƙafa. Da wannan sanin aka kai ni gidan miji, ban san wani ba.

Mijina marini ne a wani gari na ƙasar Dungas. Zamanin Nasara ne, shekarun da gyaɗa ta fara cika kasuwar Magariya. Ni na ce ina son shi, kuma har yau ban yi nadama ba, ko da yake mutum ne mai shiru har ya ba ka haushi. Ba shi da rijiyar rini tasa. A rijiyoyin Baffansa yake aiki, ƙanen ubansa, wanda shi ne babba a karofin garin, wato wurin rijiyoyin rini.

Mako uku da tarewata, ranar kasuwar Sassumbrum, ya ɗora wa jaki rinannun zannuwan Baffa suka tafi, rabin gari ya bi su. Na zauna na rasa abin yi. Na leƙa bayan ɗaki, sai ga wata tsohuwar rumfa, a ƙarƙashinta tarin wasu curarruka masu launin toka, kowane kamar kan jariri, suna wani wari mai tsami. Na taɓa ɗaya da ƙafa, kunama ta fito da gudu. Na ce a raina, ashe haka marina suke da ƙazanta, bari su ga ƴar gidan da aka yi wa tarbiyya. Na ɗauki kwando. Tun hantsi nake jida har azahar ta wuce, ina kaiwa kududdufin bakin gari ina juyewa. Ƙarshen damina ne, kududdufin cike yake. Mutum ɗaya na gamu da ita, wata tsohuwa da idonta ya yi rauni, ta ce mini, "Sannu da aiki, amarya, Allah ya yi albarka." Na ce amin, na ƙara sauri.

Na share wurin tas, na yayyafa ruwa, na shimfiɗa tabarma don in ya dawo ya huta a inuwar.

Da la'asar ya shigo, ya ɗaure jaki, ya zagaya bayan ɗaki. Na bi shi da ƙwaryar ruwa ina jiran yabo. Ya tsaya ya daɗe yana kallon tabarmar.

"Ke," ya ce, "ina katsin da ke nan?"

"Dattin nan? Na kwashe. Har kunama a ciki."

"Kin kai ina?"

"Kududdufi."

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a kan tabarmar da na shimfiɗa, ya dafa kai da hannayen nan nasa masu shuɗi har gwiwar hannu, ya ce, "Shekara uku." Ya tashi ya yi salla, sannan ya dawo ya zauna.

A nan ne ya yi mini bayanin abin da kowane yaro a gidan marina ya sani. Ƙasarmu rairayi ce, ka juye tulu guda, kafin ka ɗago kai ta shanye. Rijiyar rini kuwa sai ta riƙe ruwan baba, ganyen da ke ba da shuɗi, wata da watanni ba ta zubar da ɗigo ba. Abin da ake shafe cikinta da shi ana kiransa laso, kuma uwar laso ita ce katsi. Katsi shi ne laka da ke kwantawa a gindin rijiya, tokar da aka zuba da baban da ya gama aikinsa. In rijiya ta mutu aka yashe ta, sai a cura lakar, a shanya, a ƙone, a daka. Wato ba a iya yin sabuwar rijiya sai da abin da tsohuwa ta zubar. Duk yashewa Baffa yakan ba shi ɗan rabo. Shekara uku yana tarawa, kuma da ranin nan ya yi niyyar haƙa tasa.

Siminti kuwa kada ma a kawo maganarsa. Sau ɗaya na taɓa ganinsa a lokacin, a bakin rijiyar bariki a Magariya, gardi na tsaye kusa. Kayan kumandan ne, Baturen bariki, ba a sayar wa irinmu.

Da gari ya waye na ɗaure zane na shiga kududdufi har ƙirji ina lalube. Duk sun narke, sun koma taɓo. A cikin ciyawar bakin ruwa na tsinto waɗanda suka gangara gefe, suka cika kwando biyu. Biyu, daga abin da na yini ina jida.

Mata ba sa zuwa karofi, amma na je. Na durƙusa daga nesa na gai da Baffa, na ce laifina ne, ya taimaka ya ba ɗansa katsi. Yana juya rijiya da doguwar muciya, bai daina ba.

"Ƴata, kowace rijiya a nan tana jiran nata gyaran. In na ba shi, da me zan toshe nawa in sun tsage? Ya sake tarawa. Shekara uku ba mutuwa ba ce." Sai ya dubi sauran marina ya ce, "Ku dai ku ɓoye muciyoyinku, kada a share su."

Suka kwashe da dariya. Daga ranar sunana a garin ya koma Mai Shara. Mijina ya ce in an gama girbi zai tafi ƙasar Kano ya yi ƙodago a rijiyoyin wasu, don ba zai iya zama ana yi masa dariya har shekara uku ba. Na san irin tafiyar nan. Wasu sukan dawo, wasu sai dai labari. Na ce masa, "Ba ka zuwa ko'ina. Ni na zubar da rijiyar, ni zan nemo ta." Ya ce, "A ina?" Na ce ban sani ba tukuna, amma ya ba ni kwana biyar in je gida.

Ba wurin uwata na nufa ba, ita kuka za ta taya ni. Ɗakin Kaka na shiga, uwar ubana, tsohuwa mai baki kamar aska. Na zauna a ƙasa na kwashe labari na gaya mata. Ta yi dariya har da tari.

"Ja'ira! Kin je kin kashe mini ango da tsintsiya. Da ma na ce ni ya kamata ya aura."

"Kaka, ba wasa na zo ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ɗaga gindinki ki dubi abin da kike zaune a kai."

Na duba. Daɓen ɗakinta ne, wanda na yi rarrafe a kansa, na yi barci a kansa, na yi fitsari a kansa ina ƙarama. Baƙi ne mai sheƙi, ba tsaga ko ɗaya. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta zuba. Ruwan ya tsaya dunƙule yana ƙyalli, bai nutse ba. Muka zauna muna kallonsa har ta gama tauna goronta, yana nan yadda yake.

"Tun ubanki yana ciki na yi shi," ta ce. "Gara ba ta taɓa huda shi ba. Kashin maƙera ne, niƙaƙƙe, da toka da aka ƙona sau biyu har ta yi fari, da ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa. Uwar mijina ta koya mini. Matan yanzu ba sa yi, wai wahala."

Abin da muke zubarwa bayan gari ashe a kansa na girma.

"Zai riƙe rijiya?"

"Oho. Ni daɓe na sani, ban taɓa yin rijiya ba. In ya riƙe, ki ce ni ce. In bai riƙe ba, ki ce ke ce."

Washegari ta kai ni tsibin da sandarta. Ba kowane ake ɗauka ba. Masu nauyi masu jan tsatsa ta ce a bar su. Waɗanda take so su ne marasa nauyi, baƙi mai ɗan kore, waɗanda in ka fasa sai cikinsu ya yi ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba. Takan ƙwanƙwasa biyu kusa da kunnenta, ta jefa ɗaya a mangala, ta wurgar da ɗaya. Ubana ya ba ni jakuna biyu da tsohuwar masaba. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya zo roƙon kashin maƙera ba, in ina so in kwashe tsibin duka.

Na yi wata biyu ina daka. Turmi ba ya iyawa, sai ya tsage. A kan falalen dutse nake fasawa da masaba, in niƙa a dutsen niƙa, in tankaɗe da tsumma har garin ya yi laushi kamar kwalli. Tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. In na yi kaki, baƙi ne. Dutsen niƙan da aka kawo ni da shi ya lotse, bai sake niƙa hatsi ba. Matan unguwa suka fara zuwa kallo. "Mai Shara, yau tuwon ƙarfe za a yi wa maigida?" Nakan ce, "E, ki turo naki ya ci ko ya yi ƙarfi." Da suka gaji da tsiya, sai wannan ta karɓi masaba ta ɗan buga, waccan ta riƙe tsumma. Ban roƙi kowa ba.

Maigida kuwa bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Amma girbi ya wuce bai ɗaure kaya ba. Wata rana na gan shi ya dawo daga Magariya da buhun gashin akuya daga wurin majema, wata rana kuma ya shigo da saiwar dafara daga daji, wadda ake dakawa a jiƙa har ruwanta ya yi yauƙi. Da su ake haɗa laso. Na yi kamar ban gani ba.

Baffa ne ya kawo matsalar da ta fi kowace. Ya ce tsatsa tana kashe baba, rijiyar da aka shafe da abin maƙera ba za ta taɓa ba da shuɗi ba, sai dai ruwan kwata. Ya hana a haƙa a cikin jerin rijiyoyinsa, ya nuna can gefe kusa da wata aduwa. Kuma gaskiyarsa ce, ba mugunta ba ce, tsoron dukiyarsa yake. Mai shirun nan nawa ne ya samo mafita. Ya ce, "Kwando biyun da kika tsinto ba su isa jiki ba, amma sun isa fuska. A yi naku daga ciki, a rufe da namu daga sama. Baba ba zai taɓa ƙarfe ba."

Ya haƙa ramin, zurfinsa ya fi tsawon mutum, bakinsa kuwa kamar faifai biyu. Aka ɗauko Kaka a kan jaki, tana zagin jakin tun daga Waca. Da ta ga mijina ta ce, "Angona mai baƙin hannu, har yanzu ba ka saki wannan maɓarnaciyar ba?" Ya sunkuyar da kai yana murmushi, karo na farko tun ranar kududdufi.

Ita ta tsaya a kan haɗin. Garin kashin maƙera, farar toka da muka ƙona sau biyu daga karan gero da itacen ƙirya, gashin jima, ruwan dafara. Ba ta da mudu, da ido da yatsa take awo. Na sa hannu ina cuɗawa, sai na ji abin ya fara ɗumi. Ba rana ce ta taɓa shi ba, a inuwa muke, ruwan kuma daga randa. Ɗumi ne daga cikinsa, kamar ka sa hannu a ƙarƙashin kaza mai kwanci. Na fizge hannuna na yi salati.

"Mayar da hannunki," in ji Kaka. "Wutar da suka sha ce take motsi. Ba ta mutu ba, kwanciya ta yi."

Tokar ta yi makonni da hucewa, kashin maƙeran kuwa wataƙila tun zamanin kakan kakana yake kwance a bayan gari, damina nawa ta doke shi.

Shi ya shafa, shafi biyu. Ni aka zura da igiya, don na fi shi ƙanƙanta kuma daɓe aikin mata ne. Na yini a ciki da madaɓi ina bugawa daga gindi zuwa baki, sama ta koma ɗan farin faifai a bisa kaina, abin yana cin fatar yatsuna. Bayan kwana biyu ya kawo katsinsa da ya ƙona ya daka da hannunsa, ya shafa siririyar fuska, na bi da santsin dutse ina gogewa har na fara ganin inuwar hannuna a jiki.

Sai rigima ta tashi tsakaninsa da Kaka. Shi yana so a bar bakin a buɗe rana ta busar. Ta buga sanda a ƙasa. "Wa ya ce maka bushewa yake? Kamawa yake. In rana ta gan shi yanzu, gari zai koma. A rufe da jiƙaƙƙun tabarmi, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma kamar mai jego." Marina suka ce tsohuwa ta ruɗe, wa ya taɓa jin an jiƙa gini don ya yi ƙarfi? Ya dube ni, na dube shi. Ya ɗauko tabarmi.

Kusan wata guda ina yayyafa masa ruwa. Abin da na gani a kwanakin nan shi ya sa na ɗauki alƙalamin bik nake wannan rubutu da hannun da bai koyi riƙe shi ba sai da na yi jikoki. Duk abin da na sani a duniya, ruwa sassauta shi yake yi. Yumɓu ya narke, katanga ta zube, tubali ya koma laka. Wannan kuwa kullum na ba shi ruwa sai ya ƙara tauri. Makon farko farcena yana shiga. Mako na biyu sai dai ya yi ɗan zane. Ran da na zura hannu na ƙwanƙwasa da dutse, ƙara ta taso daga cikin ramin, siririya mai tsawo kamar an bugi uwar maƙera. Na zauna a bakin ramin na daɗe. Dutse ne, ba shakka, kuma ban san wani mai yin dutse ba sai Allah. Ga shi ya bari an yi da shara biyu da gashin akuya.

Shekaru da yawa bayan haka, a ajin yaƙi da jahilci, na tambayi mushe, wato malaminmu, dalili. Ya ce shi ma siminti haka yake, da ruwa yake kamawa, kuma sai an ƙona duwatsu a babbar wuta ake samunsa. Na ce ya gaya mini abin da ke faruwa a ciki. Ya ce wannan ba ya cikin littafinmu, in koma kan kayena na rubutu. Har yau ba wanda ya ba ni amsar da ta ƙosar da ni.

Ranar gwaji, tulu nawa muka jido ban ƙirga ba, har ruwa ya kawo baki. Baffa ya zo da kansa da karan dawa, ya tsoma, ya yi alama da farce, aka rufe. Washegari ruwa ya sauka yatsa biyu. Wani daga cikin marina ya ce, "To, Mai Shara, rijiyarki ma shara take." Kaka ta ce bango ne yake shan rabonsa. Baffa ya sake alama. Kwana na biyu, yatsa ɗaya bai cika ba. Kwana na uku ya tsoma karan, ya fitar, ya duba, ya sake tsomawa. Ya bari har kwana bakwai. Ruwan yana kan farcensa, bai motsa ba.

"Riƙe ruwa daban," ya ce, "ba da shuɗi daban."

Aka zuba toka, aka zuba baba, mijina ya riƙa juyawa da muciya kullum. Ni daga gindin aduwa nake kallo, Kaka kuwa ta ja tabarmarta har bakin rijiya, ta ce ta wuce shekarun da za a kore ta. Kwana shida ruwan yana nan kamar na wanke-wanke. Ran na bakwai da hantsi ya ɗaga murfi, sai ga kumfa ta taru a tsakiya, shuɗiya mai ƙyallin jan ƙarfe, warin nan mai tsami ya bugo har inda nake.

Baffa ya tsuguna, ya tsoma yatsa, ya ɗanɗana a harshe. Ya tofar, ya sake ɗanɗanawa. Ya kwance farin rawanin da ke kansa, ya miƙa wa mijina.

Mijina ya jiƙa shi, ya nutsa a rijiyar, ya murza a ƙarƙashin ruwa, ya ɗago. Rawanin ya fito kore, koren ɗanyen ganye, ni kuwa ban taɓa ganin rini kusa ba, na ɗauka tsatsar ce ta ci mu. Ya warware shi a iska. Muna kallo koren ya fara juyawa daga gefe-gefe, yana duhu, yana duhu, har ya zama shuɗi tun daga wannan baki zuwa wancan.

Baffa ya karɓa, ya ɗaga shi a rana, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya mayar masa.

"Bai ƙoshi ba," ya ce. "Ƙara masa tsomi huɗu. Kuma in ka gama, akwai zannuwa goma na mutanen Sassumbrum a wurina, ka zo ka ɗauka ka rina a taka."